Abin da Auta Ta Zuba a Sirinji

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce ƙarama a gidansu. Kowa Auta yake ce mata. Auta ba muguwa ba ce, kada ku ce na ce. Hannu ne dai da ita mai ƙaiƙayi. Duk abin da ta gani sai ta taɓa, in kuwa ta taɓa sai ta matsa.

Tana da wa guda ɗaya, tana ce masa Yaya. Da can Yaya ɗan ƙwallo ne, mai gudu kamar an koro shi. Wata rana mota ta buge shi a bakin titi, ƙafarsa ta hagu ta karye. Ya daɗe a asibiti. Da aka sallame shi likita ya ce zai yi tafiya da sanda, amma ƙwallo kam sai dai kallo.

Tun daga nan Yaya ya daina magana. Ya kwanta a ɗakinsa ya juya wa kowa baya. Mama ta kai abinci, ta ɗauko shi yadda ta kai. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, duk a banza. Gidan ya yi tsit, ba daɗi ko kaɗan.

Ana nan sai Kawu mai gyaran waya ya zo da wani tsohon akwatin kwamfuta, ba komai a cikinsa. Ya dire shi a kan tebur.

"Abokanka na ƙwallo duk gem suke bugawa, wasan kwamfuta ta intanet," in ji Kawu. "Shi wannan ba ruwansa da ƙafa. Ga akwati. In ka isa, ka haɗa taka da hannunka."

Yaya ya juyo ya dubi akwatin. Sai ya tashi zaune.

Daga ranar aka fara tara kaya ɗaya bayan ɗaya. Yau fanka, wani satin katin hoto mai fito da hoto a allo, can kuma wayoyin haɗi. Yaya yana karatu a waya, yana kallon yadda ake haɗawa. Ya fara cin abinci. Har tsokanar Auta ya koma yi, yana ce mata sarkin taɓe-taɓe.

Cikin kayan akwai wani ɗan sirinji, ba allura a bakinsa. Wani farin mai ne a ciki. Ana gobe za a haɗa kwamfutar, Baba ya kai Yaya asibiti a duba ƙafarsa. Auta ta shiga ɗakin, idonta ya faɗa kan sirinjin.

Ta tuna yadda ta ga nas tana yi wa Yaya allura. Sai ta ɗauko 'yar tsanarta ta kwantar da ita. "Yi haƙuri, ba zafi," ta ce, ta matsa. Farin man ya fito zarara a kan ƙafar 'yar tsana. Abin ya ba ta sha'awa, ta sake matsawa. Kafin ta ankara sirinji ya zama fanko.

Da yamma ta ji Yaya yana yi wa Mama bayani a tsakar gida.

"Mama, kin ga ɗan sirinjin nan? Ƙarami ne amma shi ne babba. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, 'yar mitsitsiya, tana zafi sosai. Ana ɗiga mata man nan, sannan a ɗora ƙarfe mai fanka a kai. Man ne yake miƙa wa ƙarfen zafin. Guda ɗaya tak Kawu ya samo mini."

Auta ta tuna da fankon sirinjin. Ta dubi fuskar Yaya, yana murmushi. Ta yaya za ta je ta goge murmushin nan?

To, a nan ne Auta ta tafka wautar da ta fi ta farko. Ta lallaɓa banɗaki ta ɗauko man goge baki. Shi ma fari ne, shi ma yana da kauri. Ta zare bayan sirinjin ta ɗura, ta goge jikinsa tas, ta mayar inda yake. "Ai fari fari ne," ta ce a ranta.

Washegari aka yi haɗi. Yaya ya tashi da mura, hancinsa a toshe, ko ƙanshin girkin Mama ba ya ji. Auta ce mai miƙa sukudireba. Da aka zo wurin sa mai, sai Yaya ya miƙa mata sirinjin.

"Zo nan, sarkin taɓe-taɓe. Yau na ba ki izinin matsawa. Ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar wake. Ke ce mataimakiyata."

Ta karɓa ta ɗiga. Yaya ya ɗora ƙarfen, ya ɗaure sukurorin, ya danna maɓalli. Fankoki suka juya. Allo ya kawo haske.

"Ta tashi! Mama, ta tashi!" Yaya ya yi ihu har ya manta da sandarsa.

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Ta ɗauka magana ta wuce ke nan.

Ina! Kwanakin farko dai lafiya lau. Yaya ya shiga ƙungiyar abokansa, kullum bayan makaranta suna buga gem ɗin tseren motoci. Yana sa abin ji a kunne, yana ihu yana dariya. Ashe can ciki man goge baki yana bushewa.

Ran nan ana tsakiyar wasa, Yaya ne a gaba, sai allo ya ƙame ƙam. Motarsa ta tsaya a kan gada. Sauti ya maƙale yana "tirrrr". Ya danna nan, ya danna can, ko gezau. Dole ya kashe ta ya sake kunnawa.

"Ƙila intanet ne," ya ce.

Ba intanet ba ne. Washegari ta sake ƙamewa. Ranar da ta biyo baya ma haka. Abin haushin, in rubutu ake yi ko kallon hoto, lafiya ƙalau take. Sai an shiga gem, wasa ya yi daɗi, fanka ta fara kuka kamar injin niƙa, sannan ta daskare.

Yaya ya zage damtse. Ya goge gem ɗin ya sake saukewa. Ta ƙame. Ya sabunta manhajar katin hoto. Ta ƙame. Akwai wasu 'yan sanduna biyu da ake ce wa ram, ya ciro su ya goge bakinsu, ya gwada su ɗaya-ɗaya. Ta ƙame. Ya bi wayoyi duka yana dannawa. Daga ƙarshe ya share komai da ke cikin kwamfutar ya zuba sabo. Aikin yini guda cur. Ya shiga gem, bai yi nisa ba ta sake sandarewa.

Duk abin nan Auta tana tsaye tana haska masa tocila. Sau da yawa takan so ta faɗi gaskiya, sai ta fasa.

Kawu ya zo ya duba. Ya buɗe wani wuri da yake nuna zafin kwamfuta, ya yi fito.

"Kai! Wannan ai ƙwaƙwalwar dahuwa take yi. Ka tabbata ka sa mata mai?"

"Na sa, Kawu," in ji Yaya. "Sabo fil. Auta ce ma ta ɗiga a gabana. Duk abin da za a zarga, ban da wannan."

Kawu ya dubi Auta. "Haka ne, Auta?"

"Haka ne," ta ce, murya can ƙasa.

"To in mai lafiya, fanka lafiya, sai dai in ƙwaƙwalwar ce ta samu matsala. Ƙila wajen sawa ka lanƙwasa wani abu." Kawu ya girgiza kai. "Irin wannan kuwa ba ta gyaruwa."

Yaya ya matso kusa da kwamfutar. Ya buɗe gefen akwatin, ya jawo fankar ɗaki ya saita ta a kai. Ya gwada. Ta ɗan jima, sannan ta ƙame kamar kullum.

Abokansa sun yi haƙuri da farko. Amma duk wasan da aka fara, motar Yaya sai ta tsaya a hanya, ƙungiya ta faɗi. Wata yamma kyaftin ɗinsu ya kira shi a waya. Auta tana bakin ƙofa, ta ji komai.

"Ka yi haƙuri, mun sa wani a gurbinka. In ka gyara sai mu gani."

Yaya ya ajiye wayar a hankali. Ya zare wayar wutar kwamfutar daga bango. Mama ta shigo da kofin shayi, ta tsaya.

"Mama, ki daina wahalar da kanki," ya ce. "Ni dai ba ni da amfani. Ƙafa ta ƙi. Na ce bari in gwada hannu da kai, su ma sun ƙi. Kawu ya wahala, Baba ya wahala, na zo na lalata komai da hannuna."

"Haba, ɗana, kada ka faɗi haka."

"Gaskiya ce. Ku ce wa Kawu ya zo ya kwashe kayansa."

Ya kwanta ya ja bargo har ka. Mama ta fito tana share hawaye da bakin mayafi. Da Baba ya dawo daga aiki ya ji labari, ya zauna ya yi tagumi. Can ya ce, "Shi ke nan. Ranar Asabar Kawunku ya zo ya ɗauke ta. Ganinta ma ƙara masa ciwo yake yi."

Gida ya koma gidan jiya. Abinci yana shiga ɗakin Yaya yana fitowa ba a taɓa ba. Auta ta leƙa ta ce, "Yaya, in kawo maka ruwa?" Ko motsi bai yi ba.

Wayyo Auta! Ta rasa inda za ta sa kanta. Da safe in ta ɗauki buroshi ta ga man goge baki, sai ta kau da kai. In ta faɗa, Yaya zai tsane ta. In ta yi shiru, Yaya zai ci gaba da tsanar kansa. Ta yi kuka a banɗaki, ta wanke fuska, ta fito kamar ba komai.

A makaranta ma ba ta gane komai. Malamin kwamfuta ya yi mata tambaya har sau biyu, tana kallon taga. Da aka fita tara ya tsayar da ita.

"Auta, lafiya? Ke da bakinki ba ya rufuwa, yau kin zama bebiya?"

Ta murza yatsunta. "Malam, tambaya gare ni. Wata ƙawata ce. Wai in aka sa man goge baki a kwamfuta, a maimakon man nan na sirinji, me zai faru?"

Malam ya cire tabarau ya dube ta da kyau.

"Man goge baki? Ikon Allah! To, da farko zai yi kamar yana aiki, saboda da ruwa a jikinsa. In ya bushe sai ya zama kamar alli. Zafi ya rasa hanyar fita. Da an ba kwamfutar aiki mai nauyi sai ta ƙame."

"Ta lalace ke nan har abada?"

"Ba lallai ba. In an goge an sa na gaskiya, sau da yawa tana tashi. Amma sai mai kwamfutar ya san inda ciwon yake. Ya sani?"

Auta ta girgiza kai. Hawaye ya zubo shar.

"Shi mai kwamfutar, wa yake zargi?" Malam ya tambaya a hankali.

"Kansa," ta ce, ta fashe da kuka. "Cewa yake ba shi da amfani. Malam, ba ƙawata ba ce. Ni ce."

"Na sani," in ji Malam. Ya bari ta yi kukanta, sannan ya buɗe durowa ya ciro sirinji irin wancan. Auta ta miƙa hannu da sauri. Malam ya janye.

"Tsaya. Me za ki yi da shi?"

"In Yaya ya shiga wanka sai in buɗe in canza. Ba wanda zai sani."

"Kin ji ki! Wato ki sake yin wani abu a ɓoye. To ko da kin iya, yayanki zai ci gaba da ganin shi ne ya kasa. Kwamfuta za ta warke, shi bai warke ba. Zan ba ki wannan, amma da sharaɗi. Baki zai fara aiki kafin hannu."

Hanyar gida ta yi wa Auta tsawo a ranar. Ta tarar da Mama tana ninke kaya a falo, Baba yana cire takalmi. Ta ce su zo ɗakin Yaya, tana da magana. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Yaya, ba kai ka lalata kwamfuta ba. Ni ce."

Bargo bai motsa ba. Ta ci gaba, tana yi tana shessheƙa. Ta faɗi zancen 'yar tsana. Ta faɗi zancen banɗaki. Ta faɗi ƙaryar da ta yi wa Kawu. Ba ta rage komai ba.

Yaya ya yaye bargon ya tashi zaune. Idanunsa sun yi ja.

"Man goge baki?" ya ce. "Kina tsaye kina riƙe mini tocila, kina kallo ina shan wahala? Kina ji na ce ba ni da amfani, kika yi shiru?"

"Tsoro na ji, Yaya. Ka yi haƙuri."

"Da kin faɗa tun ranar, wallahi dariya zan yi, mu jira Kawu ya samo wani. Fita, Auta. Ba na son ganinki yanzu."

Wannan magana ta fi bulala zafi. Auta ta ajiye sirinjin Malam a kan tebur ta fita. Ta zauna a bayan ƙofa ta haɗa kai da gwiwa. Baba ya biyo ta ya tsuguna.

"Matse man nan ƙuruciya ce," ya ce. "Amma ɓoyewa da ƙarya laifi ne babba. Gobe za ki je ki ba Kawunki haƙuri da bakinki. Kuma ko an gyara, ba ke ba gem sai an yi hutu."

"To, Baba."

Ranar Yaya bai sake yi mata magana ba. Washegari ma ta tafi makaranta bai amsa gaisuwarta ba. Ta biya shagon Kawu ta ba shi haƙuri. Kawu ya riƙe baki, ya ce shi tunda yake gyara bai taɓa jin an yi wa kwamfuta buroshi ba. Auta ko murmushi ba ta iya yi ba.

Da ta dawo gida ta wuce ɗakin Yaya sumui-sumui. Sai ta ji murya daga ciki.

"Ke! Wa zai kankare wannan ƙazantar? Ni?"

Ta shiga da gudu. Yaya yana zaune a gaban tebur, ya riga ya kwance ƙarfen mai fanka. Ga abin nan ya bushe ya farfashe, fari fat kamar busasshen fenti. Ya miƙa mata auduga da ɗan ruwan sifirit.

"A hankali. Kada ki danna."

Ta goge, ta goge, har wurin ya yi ƙyalli. Yaya ya ɗiga man gaskiya, ya ɗaure, ya kunna. Suka buɗe wurin da yake nuna zafi. Ya sauka ƙasa sosai. Yaya ya shiga gem. Auta ta riƙe numfashi.

Mota ta tashi. Ta hau gada, ta sauka. Ta zagaya fili ta sake zagayowa. Fanka tana juyawa shiru abinta. Yaya ya gama tsere, ya fara wani, ya gama. Allo ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya jingina da kujera ya rufe ido. "Ashe daidai na haɗa ta," ya ce. "Tun farko daidai na haɗa."

"Daidai ka haɗa, Yaya. Komai daidai."

Ya buɗe ido ya dube ta. "Na ji haushinki ƙwarai, Auta. Har yanzu da saura. Amma da kin yi shiru, da gobe Kawu ya kwashe ta, ni kuma in zauna har tsufana ina ganin ban iya komai ba. Na yafe miki. Kada ki ƙara ɓoye mini abu, komai muninsa."

"Ba zan ƙara ba, wallahi."

"To miƙo mini waya in kira kyaftin. Sannan ki ce wa Mama yunwa nake ji."

Auta ta fita a guje tana ƙwala kira, "Mama! Mama! Yaya ya ce yunwa yake ji!" Mama ta saki tsintsiyar da ke hannunta ta nufi kicin, tana dariya tana kuka lokaci guda.

Yara, Auta ta koyi darasi, ku ma ku koya. Kowa yana kuskure. Amma in ka yi kuskure ka ɓoye, ba ya tafiya ko'ina, wani ne zai ɗauki nauyinsa, kuma sau da yawa wanda ka fi so ne. In kun ɓata abu, ku faɗa tun da wuri, ko da muryarku tana rawa.